Matattun da Ke Duba Maƙala

Na'urar tana aiki tun da safe, kamar kullum, a ɗakin ƙasa na ofishin Mujallar Gini da Ƙasa. Siffarta kamar rumbun hatsi, sai dai ita ta baƙin ƙarfe ce, kuma jikinta sanyi ƙalau, har ƙadangaru kan shigo ta tagar iska su manne mata su yi barci. Ana zura mata maƙala ta wata 'yar ƙofa a gefe. Kafin mutum ya janye hannunsa ta gama karantawa, amma ba ta yanke hukunci nan take. Sai muryoyi su fara tashi daga cikinta, ƙasa-ƙasa, kamar dattawa a zaure bayan la'asar: wannan ya yi gyaran murya, wancan ya ce to, wani can ciki ya ce madalla. Saboda haka ne mutane ƙalilan da suka san da ita suke kiranta Zaure.

Matar da ke share ofishin ta daina sauka ɗakin tun ranar da ƙura ta sa ta yi atishawa, ta ce alhamdulillahi, wata murya daga cikin ƙarfen ta amsa mata da yarhamukillah.

A wancan zamanin rana ta riga ta fi ƙarfin mutane. A birnin Tudun Inuwa ba mai takawa a fili tsakanin hantsi da la'asar, don kwalta takan yi laushi ta riƙe takalmi. Unguwanni duk a ƙarƙashin manyan rumfunan gilashi mai duhu suke, injinan busa-sanyi suna hura iska daga ƙasa. Garin da ransa ke rataye a kan ginshiƙai dole ya yi tsoron lissafi, shi ya sa majalisar birni ta kafa doka: ba a kafa gini, ba a rushe gini, sai da hujjar binciken da aka buga a mujallar kimiyya. Mujalla kuwa ba ta buga bincike sai alƙalan maƙala sun tantance shi. Alƙalan nan masana ne da ake ɓoye sunayensu don kada a ji nauyin juna. Ba sa rubuta hukunci, faɗarsa suke yi, a bi da maganar ta cikin wata manhaja da ake kira mayafin murya, wadda ke goge kamannin mai magana, ta bar wata murya shafaffiya da ba ta namiji ba, ba ta mace ba. Haka kowa ya ɗauka ake yi.

Dakta Ramatu Nomau injiniyar gini ce. Ta shafe shekaru tana ƙona ɓuntun shinkafa tana cuɗa tokarsa da yashi, har ta samu wani irin kankare mara nauyi da take ganin zai iya ɗaukar rumfa. Abu ɗaya ne ya tsaya mata. Ginshiƙin rumfa kansa yana cikin wutar rana, ƙafarsa tana cikin sanyin inji, kuma lissafin da ta yi na yadda kankaren zai jure wannan ja-in-ja shekara da shekaru bai kwanta mata a rai ba. Ta duba shi har ta daina ganinsa. Sai ta tura maƙalar, tana cewa a ranta idan da kuskure, alƙali zai kama.

Hukuncin ya zo mata a waya bayan 'yan kwanaki. Shafaffiyar muryar ta yaba aikin shafi bayan shafi, ta ce babu gyara, ta sa mata albarka. Ramatu ta ji daɗi, kuma daɗin ya rufe shakkar. Aka buga maƙalar. Kafin damina ta wuce, injinan feshin gini sun ɗaga sabuwar rumfar Kasuwar Gabas a kan ginshiƙanta, 'yan kasuwa suka tare da tumatur da atamfa da kekunan lantarki.

Ranar da aka buɗe kasuwar, ana cikin jawabai, ta jingina bayanta da wani ginshiƙi. Sai ta ji wani ɗan sauti a cikinsa, kamar an ɓare gyaɗa ɗaya a ɗaki mai nisa. Ta jira. Bai sake ba. Zai iya zama sabon gini ne ke zama, zai iya zama ba haka ba.

Da ta koma gida ta sake kunna hukuncin, wannan karon ba don ta ji yabo ba. A nan ne ta lura da abin da ya wuce ta da farko. Duk lokacin da muryar za ta ambaci lamba, sai ta ja numfashi ta hanci sau biyu, gajere-gajere. Mayafin murya yana goge sauti, amma ba wanda ya koya masa goge numfashi. Ramatu ta san numfashin nan. Na malaminta ne, Farfesa Shu'aibu Ɗanjuma, wanda ciwon asma ya dame shi duk rayuwarsa. Kuma ita da kanta ta zauna a tabarmar makokinsa shekaru da suka wuce.

Washegari ta hau bene wajen babban editan mujallar, Farfesa Gambo Tsamiya, wani dattijo mai fara'a da ke ajiye tantabaru a barandar ofis. Ya sa aka kawo mata zoɓo, ya tambayi mutanen gida, ya taya ta murnar kasuwa. Ta bari ya gama, sannan ta ajiye wayar a kan tebur ta kunna.

“Ranka ya daɗe, wa ke numfashin nan?”

Ya saurara har ƙarshe. Bai musa ba. Ya tashi ya rufe ƙofar baranda, kamar tantabarun za su kai labari, ya ce ta biyo shi ƙasa.

A gaban na'urar ya yi mata bayani, yana shafa ƙarfen kamar mai shafa doki. Ya ce rayayyun alƙalai ne suka gajiyar da shi. Garin ƙarami ne a wajen masana, kowa ya san rubutun kowa ko an cire suna. Ka ba mutum maƙala ya gane ta surukinsa ce, ko ta malaminsa, ko ta wanda ya yi masa waliyyi, sai ya ajiye ta shekara biyu don kunyar ya ce akwai kuskure. Shi kuma sai ya yi tunanin waɗanda ba su da sauran suruki a duniya. Ya tara littattafan manyan malaman da suka rasu, da faifan karatunsu na aji, ya ɗora wa na'ura. Ilimi ya shiga, murya ta shiga. Amma masu haɗa na'urar suka ce masa alƙalanci ba ilimi ba ne kawai, sai da hali, kuma halin mutum a bakin waɗanda suka zauna da shi ake samunsa.

“To ina za ka samu ɗaliban mutum da abokansa duk a wuri guda suna maganarsa?” in ji shi. “Wajen zaman makoki. Sai na riƙa sa ana ajiye ɗan abin naɗar magana a ƙarƙashin tabarma.”

Ramatu ta tuna abin da ta faɗa ranar makokin malaminta, a tsakiyar mata, da hawaye a fuska. Ta ce Malam uba ne, mai haƙuri, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Duk wanda ya yi magana ranar haka ya ce, domin haka ake cewa. Alhali mutumin nan ya taɓa jefo kundin digirinta ta tagar bene, ta bi takardun tana tsinta a cikin ruwan sama, ɗalibai suna kallo.

Ta tambaye shi ko Zauren ya taɓa ƙin wata maƙala ya mayar da ita.

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Ya ce a shekarar farko ya lura ba ya mayarwa. Amma a lokacin mujallar da ke fitowa sau biyu a shekara ta koma fitowa kowane mako, marubuta suna ta addu'a, sauran mujallun birnin ma sun fara turo nasu a asirce. A takardun hukuma kuwa yakan rubuta cewa masana rayayyu ne suka duba.

“'Yata, ba wanda ya taɓa zuwa ya yi ƙorafi don an ce aikinsa ya yi kyau. Ke ce ta farko.”

“Akwai mutane a ƙarƙashin rumfar nan, Farfesa.”

“Akwai mutane a ƙarƙashin kowace rumfa,” in ji shi, a hankali.

Daga cikin ƙarfen wata murya ta ce to, to, Allah ya yi albarka.

Ramatu ta kai ƙara gaban Hukumar Sa Ido kan Mujallu. Bincike bai ɗauki lokaci ba, tunda Farfesa Gambo da kansa ya buɗe musu ƙofa. Aka gano babu mujalla ko ɗaya a birnin da ba ta sha daga Zauren ba. Hukumar ta yanke cewa za a rufe su duka, a janye duk abin da suka buga tun ranar da aka kunna na'urar, ita kuma a kashe ta a liƙe ɗakin ranar Alhamis.

Wannan bai amsa tambayar Ramatu ba. Janye maƙala ba ya janye ginshiƙi. Ita abin da take so shi ne wani ya duba lissafin nan ya ce mata daidai ne ko ba daidai ba, kuma a duk sanin da ta yi, mutum ɗaya ne zai iya, shi ne malaminta, wanda iliminsa ke kwance cikin ƙarfen da za a kashe. Ilimin yana nan. Halin ne aka ba shi na ƙarya. Sai ta yi tunanin idan aka gaya wa na'urar gaskiyar mutumin, wataƙila ya farka.

Ta fara zuwa wajen matar Malam Shu'aibu, Hajiya Kande, ta same ta a tsakar gida tana tsince zogale. Bayan gaisuwa ta yi mata bayani, ta roƙe ta ta zo ta faɗa wa na'urar yadda Malam yake da gaske.

Tsohuwar ta dube ta ta saman tabarau.

“Wato in bar zogalena in je in zagi mijina a gaban tukunyar ƙarfe.”

“Ba zagi ba, Mama. Gaskiya kawai.”

“Ke Ramatu, mutumin da ko gishirin miya sai ya ba shi maki? Na sha gaskiyarsa shekara da shekaru, na ƙoshi. Yanzu yana gaban Ubangijinsa. Ni dai abin da na sani, Malam mutum ne mai haƙuri.” Ta mayar da kai kan zogalen. “Allah ya jiƙansa.”

Ramatu ta ce amin. Tsoffin ɗalibansa da ta kira su ma haka suka yi mata. Wani ya ce yana da taro, wani ya ce ta ji tsoron Allah.

Ranar Alhamis da hantsi ta sauka ɗakin ita kaɗai, Farfesa Gambo ya tsaya a bakin ƙofa bayan ya nuna mata inda ake magana da na'urar. Ta zauna a ƙasa kamar mai ɗaukar karatu. Tun tana yarinya ba ta taɓa jin wani mai hankali ya ambaci aibin mamaci da babbar murya ba, sai ta ji kamar za ta tuɓe mayafi a kasuwa. Ta nemi gafarar Allah, ta fara.

Ta faɗi labarin tagar bene. Ta faɗi yadda yake kiran ɗalibi jaki a gaban aji, da yadda ya sa wani saurayi ya bar karatu ya koma gyaran keke, da yadda bai taɓa ce mata sannu ba ko ranar da ta zo aji daga jana'izar mahaifinta. Da farko kalmomin da ƙyar suke fita. Can sai suka ɓalle, har ta ji tana faɗin abubuwan da ba ta san ta riƙe ba. Muryoyin cikin ƙarfen suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya. Ƙadangarun da ke jikinsa suka sauka suka bi bango, don ƙarfen ya fara ɗumi.

Ta zura maƙalarta.

Numfashi ya zo sau biyu ta hanci. Babu mayafi a wannan karon, muryarsa ce tsirara, mai kaushi, kamar yana tsaye a kanta.

“Ke, 'yar Nomau. Wannan shirme ne.”

Hawaye suka zubo mata, na murna. Ta matsa kusa.

“Na'am, Malam. A wane shafi?”

“Duka.”

“Wajen lissafin zafi da sanyi ne? Malam, nuna mini layin.”

“Shirme ne. Kwashe ki ba ni wuri.”

Ta sake tambaya ta wata hanya, amsar ba ta canja ba. Farfesa Gambo ya shigo, ya ɗauko wata tsohuwar maƙala daga kan kanta ya zura. Ta Malam Shu'aibu ce da kansa, wadda ta yi masa suna, wadda ake koyar da ita a kowace jami'a.

“Wane jaki ne ya rubuta wannan?” in ji muryar.

Sai ya yagi takarda ya rubuta biyu a tara da biyu huɗu, ya zura.

“Shirme.”

Ramatu ta zauna dirshan. Ta gane abin da ta yi. Masu makoki sun ba na'urar rabin mutum, ita ma rabin ta kawo, ɗaya rabin. Ba ta faɗa ba cewa ranar da ya jefo kundin, bayan ta tsinto takardun, ya zaunar da ita har magariba yana bin layi-layi da jan biro, yana huci yana shan maganin asma, har sai da ta ga kuskuren da idonta. Haushi ya zo mata da sauƙi, wannan kuwa ta manta da shi. Ta buɗe baki ta fara faɗa da sauri, tana haɗa kalmomi, amma tuni takun ma'aikatan hukumar ya cika matakala.

Shugabarsu ta ba ta haƙuri, ta ce umarni ne. Wani ya durƙusa yana kwance wayoyin wuta. Fitilun na'urar suka fara mutuwa daga sama zuwa ƙasa. Saura ɗaya, sai muryar ta sake fitowa, ba mai kaushin ba, ba mai taushin ba, wata ce a tsakaninsu, kamar ta mutumin da aka tashe shi daga barci a gidan da bai sani ba.

“Ramatu, wanne kike so in ce?”

Fitilar ta mutu. Aka fitar da su, aka liƙe ƙofar da narkakken ƙarfe.

A makon da ya biyo aka sauke allunan mujallu a faɗin birnin. Farfesa Gambo ya saki tantabarunsa ya tafi amsa tambayoyi. Ramatu ta je majalisar birni ta nemi a kwashe mutane daga Kasuwar Gabas har a bincika ginshiƙan. Sakataren majalisa ya saurare ta da ladabi, ya buɗe mata doka. Ba a rushe gini ko a rufe shi sai da binciken da mujalla ta buga. Ta ce ai ba sauran mujalla. Ya ce shi ma abin da ke damunsa ke nan, kuma ba kasuwarta kaɗai ba ce, asibiti da tashar jirgin ƙasa da rumfar makarantun firamare duk a kan takardun da aka janye suke tsaye, in aka ce za a kwashe mutane, ina za a kai su, cikin rana?

Hukumar ta yi ƙoƙarin haɗa rayayyun alƙalai don a fara sabuwar mujalla. Aka tara masana goma sha wani abu a ɗaki, aka raba musu sabon rubutun Ramatu, wanda a cikinsa take tuhumar lissafinta na farko. Yawancinsu sun yi digirinsu ne a zamanin Zaure, ba wanda aka taɓa mayar wa da aiki, ba wanda ya taɓa mayar da na wani. Suka karanta, suka juya shafuka, suka riƙa satar kallon wanda ya fi su shekaru. Shi kuma abokin mahaifinta ne. Ya ce rubutun farko ya yi kyau, wannan ma ya yi kyau. Aka ɗage zaman.

Tun daga lokacin Ramatu take zuwa kasuwar kowace rana da 'yar kujerarta da abin sauraro irin na likita. Tana bin ginshiƙan ɗaya-ɗaya tana kara kunne. Wata rana ta ji sautin, wata rana ta yini ba ta ji komai ba sai hayaniyar ciniki da ke ratsa kankaren. Idan rana ta take, gilashin sama yana ƙara kamar ana taka busasshen kara, takan zauna a gindin babban ginshiƙin tsakiya. Ba wanda ya sa ta. Ta ga dai idan abin zai sauko, bai kamata ya same ta a wani wuri ba.

Wata mai sayar da tattasai da ke kusa da wurin, da jaririya goye a bayanta, ta saba da ganinta. Ran nan ta miƙo mata ruwa a moɗa.

“An ce ke kika yi mana ginin nan, Dakta. Zai riƙe dai ko?”

Ramatu ta dubi ginshiƙin har sama, inda ya shige cikin haske.

“Ban sani ba,” ta ce.

Matar ta yi dariya, ta juya ga maƙwabciyarta. “Kin ji masu ilimi da kawaici. Wai ba ta sani ba.”

Sai ta kwance goyon, ta shimfiɗa zane a gindin ginshiƙin, inda ya fi ko'ina sanyi a kasuwar, ta kwantar da yarinyar, ta koma kan tattasanta.